Hoton da Ummuhani Ta Yi da Wake

Shekara biyu na yi ina koyon zane da fenti a gidan matasa na Gazawa. Shekara biyu cur, har farcena ya daina fita tas. Sai ga Ummuhani ta sauko daga mota da allon katako a ka, wai ita ma ta kawo nata aikin don nunin zanen da muke shiryawa.

Ummuhani taubashiyata ce, 'yar kawuna da ke Gidan Sori. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ina ce mata baƙauya, tana ce mini 'yar birnin da ba ta da birni. Don haka da na gan ta da allo, dariya na fara yi.

Nunin zanen namu ne, mu matasa. Mu muka tsara shi, mu muka rubuta takardun gayyata zuwa lakol-lakol, wato makarantun boko, na Agye da Gidan Rumji, kuma doka ce duk wanda ya wuce shekara goma sha takwas ba ya sa baki. Mushe Safiyanu, malamin da ke kula da gidan, kujera kawai yake ja ya zauna yana kallonmu. Ni aka ba makullin ɗakin ajiya. Abin da ya tada hankalin kowa shi ne, wani gidan nunin zane-zanen zamani a Yamai ya ce zai turo mace guda ranar buɗewa ta zaɓi aiki ɗaya, a tafi da shi da mai shi. Mutum ɗaya tak. Ni kuwa tuni na gama zaɓen zanen da zan ɗaura a Yamai.

A tsakar gidanmu Ummuhani ta kwance tsumman da ta rufe allon. Dariyata ta tsaya.

Kakarmu ce, Kaka Mero, wadda ta rasu bara. Babu ɗigon fenti a jiki. Da jan wake da fari ta yi fuskar, da gero ta yi kallabi, da baƙin riɗi ta ja tsagen kumatu, duk ta manne su da ƙaro. Har ɗan karkacewar bakin nan na Kaka in za ta yi wa mutum faɗa, yana nan. Innata ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta duba, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka tana cewa, “Inna ce, wallahi Inna ce.”

Na yi zane ya fi talatin a gidan nan. Abin da Innata ta taɓa ce mini shi ne in kau da gwangwanayen fentina daga hanya. Kishi ya kama ni a ranar. Ban ɓoye wa kaina ba, na san sunan abin da nake ji.

Saura mako shida a buɗe nunin, ita kuma dole ta koma gida saboda roron wake. Da za ta tafi ta kama hannuna.

“Hahiza, kin san halin wake hwa. Ki riƙa hidda shi rana bayan kwana biyu, ki barbaɗa mishi toka, ki ƙulle cikin leda. Ga tokar nan na tankaɗe.”

“Ke baƙauya, ni za ki koya ma ajiyar wake? Tahi abinki.”

Ta yi dariya ta hau mota.

Makon farko na shanya shi sau ɗaya. Da na fitar da shi, 'yan kwamitinmu suka yi masa caa, suka bar nawa zanen na tashar Gazawa jingine da bango babu mai ko waiwaye. Munir, shugabanmu, wanda kullum yake ce mini ni ce gwanar gidan, ya tsuguna gaban allon ya ce, “Wanga kam ya riga ya tahi Yamai.” A gabana ya faɗa, ko kunya.

Daga ranar ban sake fitar da shi ba. Ban fasa shi ba, ban zuba masa ruwa ba, kada a ƙara mini laifi. Na dai jingine shi a ɗakin ajiya, a kusurwar da maigadin gidan yake ajiye ragowar buhunan wakensa na bara, na bar ledar a buɗe, ƙullin tokar kuma na tura bayan ƙofa. Ni 'yar manomi ce. Na san abin da ke cikin tsohon buhu.

A mako na huɗu na ɗaga tsumman na ga huji guda a goshin Kaka, ɗan ƙarami, da ɗan gari a ƙasa. A lokacin, da na kai shi rana da ya tsira. Na tsaya ina kallonsa. Sai na tuna kukan Innata, na mayar da tsumman, na kulle ɗakin.

Ranar buɗewa gidan ya cika. Yara sun yi wasan kwaikwayo, 'yan Agye sun zo da motocin kara, mun ɗaura igiyoyi mun rataye zane-zane. Ummuhani ta iso da hantsi cikin sabuwar atamfa, da Kawu a bayanta. Innata ma ta zo, ita da ba ta taɓa taka ƙofar gidan matasa ba, ta jawo maƙwabta biyu za ta nuna musu mahaifiyarta.

Munir ne ya ɗauko allon. Yana ɗaga shi waken ya fara zubowa kamar an kwance bakin buhu. Ƙwari suka watse a kan rigarsa. Kallabin gero yana nan, tsagen riɗi yana nan, amma fuskar ta zama ɓawo da gari. Ido ɗaya ya rage.

Innata ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta dai juya ta ce wa maƙwabtan su tafi gida.

Mushe Safiyanu ya tashi daga kujerarsa, karo na farko tun da muka fara, ya tambayi wa ke da makulli. Kafin in ce uffan Ummuhani ta riga ni.

“Mushe, laihina ne. Da waken bara na yi shi, ƙila da ƙwarinshi tun can.”

Ƙarya take yi. Ni na san sabon wake ne, don a gabana ta faɗa wa Innata. Ta tsuguna tana tattara ɓawon a gefen zanenta, ba ta dube ni ba.

Matar Yamai ta zaga sau biyu, ta daɗe a gaban allon da ya lalace, sannan ta zo ta tsaya a kan tashar Gazawa tawa. Ta ce launin ya yi kyau. Aka yi tafi. Ni aka zaɓa.

Bayan kwana uku aka raka ni tasha. Innata ba ta zo ba, ta ce kanta na ciwo. Na shiga mota na zauna bakin taga da zanena a nannaɗe a cinya, sai ga Ummuhani tana kutsowa tsakanin 'yan kabu-kabu. Na ɗauka tsokana ta kawo, har na shirya amsa, don da ta zage ni da na ji sauƙi.

Ta miƙo mini ƙulli ta taga. Na gane tsumman tun kafin in taɓa. Tokar nan ce, ɗaurin da ta yi mata da hannunta ko kwance shi ba a yi ba.

“Bayan ƙohwa na gane ta,” in ji ta, a hankali yadda ba wanda zai ji. “Ban gaya ma Gwaggo ba, kuma ba ni gaya mata. Allah shi kiyaye hanya, Hahiza.”

Ba ta ce mini 'yar birni ba. Direba ya tada mota, ta juya ta tafi, ni kuma na riƙe ƙullin toka a hannu har Yamai, na rasa inda zan ajiye shi.