Alli a Ƙofar Inna Asibi

Ruwan ya sake cin ƙasa taku biyu tun jiya. Barakatu ta tsaya cikin taɓo har idon sawu tana neman karan da ta kafa jiya da safe, sai kansa kawai ta hango yana leƙowa. Ta zaro wani daga ƙugunta ta kafa daidai inda ruwan ya tsaya, sannan ta ƙara ƙulli ɗaya a igiyar da ke wuyan hannunta.

"Ke Barakatu, har yau shukar kara kike yi?" in ji Baba Mainasara, ƙanin mahaifinta, daga cikin kwalekwalensa. "Yaushe za mu ci 'ya'yansa?"

Mazan da ke tare da shi suka kwashe da dariya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗauki tulunta ta hau tudu. Mutumin da ke kwana a gidan da ya kamata ya zama na uwarta, wai shi ne mai bakin yi mata ba'a!

Shekara ta biyu ke nan da aka datse kogin Kwara a Kainji. Kafin ruwan ya haɗiye tsibirinsu, ma'aikata sun zo da littafi suna rubuta gidaje, don kowane gida a ba shi madadinsa a sabon gari kusa da Warra. A lokacin, Arzika, mahaifin Barakatu, wata huɗu ke nan da rasuwa. Mai littafi ya tsaya a ƙofarsu ya tambayi maigida. Uwarta, Inna Asibi, tana cikin takaba, ba ta ko ɗaga kai ba. Mainasara ya matso ya faɗi sunansa, aka rubuta.

Da aka sauke su a sabon gari, gida biyu na siminti suka fito da sunan Mainasara. Ya zauna a ɗaya, ya sa babban ɗansa a ɗayan. Inna Asibi da 'yarta aka nuna masu madafi. Babu ƙofa, sai wani guntun zana da akuya ke turewa da kai. Kuma wallahi babu wanda ya ga laifi a garin nan, har ana yaba wa Mainasara da riƙon zumunci.

Inna ba ta taɓa neman gida biyu ko gona ba. Abu ɗaya take faɗi idan hayaƙi ya sa ta tari: "Ni dai kafin in mutu, in samu ƙofar da zan rufe da hannuna."

* * *

Abin da Arzika ya bar masu bai wuce gora ɗaya na irin albasa ba. Irin albasa kuwa ba ya jiran mutum, in ya shekara biyu a ajiye ya mutu. Don haka Barakatu ta tara fasassun tukwane a bayan madafi, ta cika su da ƙasa, tana raya 'yan tsiraru har su yi fure ta karɓi sabon iri. Da wannan take riƙe da gadon ubanta.

Mutanen tsibiri sun san Kwara kamar yadda suka san matansu. Damina na wucewa kogi ya ja baya, sai a bi shi a yi fangali a bakin ruwa a dasa albasa. Haka kakanni suka yi, haka su ma suka yi a shekarar farko a bakin tafki. Sai dai tafki ba kogi ba ne. Maimakon ya ja, sai ya riƙa hawa a hankali har ya shanye lambunan kaf. Dattawa suka ce tsautsayi ne. Shekara ta zagayo suka sake dasawa a wuri guda, suka yanka baƙar akuya, ruwa ya sake shanyewa.

Barakatu ba ta yi boko ba, ba ta san abin da ake murɗawa a Kainji ba. Ta dai lura ruwan nan yana da nasa hali, kuma duk mai hali ana iya koyonsa in an jure. Kowace safiya, ko da zazzaɓi, ko ranar salla, sai ta je ta kafa kara ta ƙulla igiya. Sau biyu masu neman aurenta suka janye, don an ce masu aljanin ruwa ya shafe ta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi kuka a bayan tukwanenta, washegari ta koma bakin ruwa.

Shekara biyu cur, igiya biyu. Da ta jera su, ƙullin da ruwa ya daina hawa ya zo kusan wuri ɗaya. Karan ƙarshe kuma duka biyun a gindin wata kanya suka tsaya.

* * *

A shekara ta uku ta yi fangalinta a saman kanyar, kan busasshiyar ƙasar da ko ciyawa ba ta so. Daga nan zuwa ruwa tafiya ce mai nisa. Tulu arba'in take ɗaukowa kullum, har gashin tsakar kanta ya zube.

"Ɗiyata, in irin nan ya ƙone, mi ya rage muna?" Inna ta tambaye ta.

"Ruwan na tahe, Inna. Saura Jumma'a biyar."

Ta faɗa da ƙarfi. Duk irin ta zuba, ba ta rage ko tsinke a gora ba.

Jumma'a ta huɗu ruwa ya cinye lambunan dattawa karo na uku. Ta biyar ya iso gindin kanya. Barakatu ta kafa kara, ta dawo washegari ta same shi a bushe. Ta dawo jibi, haka. Ruwan ya kwanta taku uku daga fangalinta kamar saniyar da aka ɗaure. Ta zauna a ƙasa tana kallonsa.

A wannan shekarar, albasar da ta fita daga garin zuwa kasuwar Yelwa tata ce kaɗai. Shekara biyu bayan haka mata tara ke aiki tare da ita, yawancinsu zawarawa, kowace da igiyarta. Ta gina ɗaki biyu a gefen gari, ta sa kafinta ya yi wa na Inna ƙofar katako mai sakata. Ranar da suka tare, tsohuwar ta wuni tana rufewa tana buɗewa.

* * *

Wata safiya Baba Mainasara ya zo roƙon iri, don nasa ya daɗe da mutuwa. Ya tsufa, ba'ar ta ƙare. Barakatu ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida ta cika masa gora. Suna nan sai ga malamin ƙidaya da littafi da alli.

"Ina maigida?"

"Tana ciki," in ji Barakatu. "Asibi sunanta."

Malamin ya yi murmushi. "Baiwar Allah, namiji nake tambaya." Ya juya ga tsohon. "Baba, kai ne babba a nan?"

"Awo, ni ne ƙanin marigayi. Mainasara."

Ba da mugunta ya faɗa ba, abin haushin ke nan. Bakinsa ne ya saba.

"Malam, ni na gina gidan nan da wuyana," in ji Barakatu. "Ko bulo ɗaya bai ɗauka ba."

"Ba a ce ba naki ba ne. Tsari ne kawai." Ya rubuta sunan Mainasara a littafi, ya rubuta shi da alli a jikin ƙofar katakon, ya yi gaba.

Barakatu ta bi shi da kallo. Ta san tsarin nan, shi ya kwantar da su shekara biyar a madafi. Gobe in ta kafa kara za ta shiga jirgin Yelwa ta nemi ofishinsu. In sun kore ta, ta koma jibi. Ta iya komawa.

Sakata ta yi ƙara. Inna Asibi ta fito tana dogara sanda, kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji komai ba. Ta ga farin rubutu a ƙofarta, ta kai yatsa kusa da shi ba ta taɓa ba.

"Barakatu, wanga karon sunana ne aka rubuta?"

Mainasara ya sunkuyar da kai kan gorarsa. Barakatu ta dubi fuskar uwarta.

"Awo, Inna. Naki ne."

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Barakatu ta dawo daga lambu ta tarar da tsohuwar a tsaye a bakin ƙofa, zanenta ya jiƙe sharkaf, ta kifa faifai a kan rubutun da hannu biyu don kada ruwa ya wanke shi.