Ruwan Kifi a Ƙarƙashin Keken Tela

Dogo ya jawo benci na uku ya ajiye shi daga gefe, kamar yadda aka koya musu. Sati guda ya yi a wajen horon sasanta rikici. Kwamitin kasuwa ne ya tura shi, don gyaran agogo yake yi, kuma agogon da ya tsaya ba ya gaggawa. Yau ne gwajinsa na farko.

Rigimar ta Iya mai kifi ce da maƙwabcinta Tela. Ruwan wankin kifinta yana gangarawa ƙarƙashin kekensa, shi kuma ya tare hanyar da bulo, ruwan ya koma mata. Shugaban kasuwa ya ce in ba su daidaita yau ba, ɗayansu zai koma can baya, inda ko ƙuda ba ya leƙawa.

"Ƙa'idar ɗaya ce," in ji Dogo. "Kafin ka ba da amsa, sai ka maimaita abin da ɗan'uwanka ya faɗa, har ya ce haka ne."

"Sati ɗaya a ɗaki mai sanyi, ka dawo mana alƙali," Tela ya ce.

"A'a yaya, ni ɗan jan benci ne kawai."

Iya ce ta fara. Ta yi ta zubawa: bulon, ƙarnin, masu sayen da suka daina tsayawa. Can ƙarshe ta faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, tana gyara ɗankwalinta. Tela ya maimaita a gurguje, ya tsallake ta ƙarshen. Bakin Dogo ya yi ta ƙaiƙayi ya ce a haƙa kwata kowa ya huta, amma malamarsu ta wajen horon ta gargaɗe su da yawan baki. Sai ya haɗiye.

"Iya, ya kawo duka?"

"Ya bar ɗaya."

Tela ya dubi ƙasa. "Ta ce da maigidanta ya rasu, kasuwa kaf ta je gaisuwa, ban da ni."

"Haka ne."

"Na je," Tela ya ce. "Sau biyu ina zuwa ƙofar gidan ina juyowa. Kwana uku ba ma ga maciji da marigayi, a kan ɗinki. Na gaya masa magana marar daɗi, kafin in ba shi haƙuri Allah ya yi ikonsa. Da wane ido zan kalle ki?"

Yanzu kuma layin Iya ne. Ta soma maimaitawa, tana tsakiya sai ga dariya da hawaye tare.

"Wandon nan ne? Ai dariya ya shigo yana yi. Ya ce ka yanke masa shi iya gwiwa, kamar na ɗan makaranta. Da shi yake shan iska a tsakar gida, har ranar ƙarshe."

Tela ya share fuska da gefen rigarsa. "Ko zan iya zuwa yanzu? Shekara ta zagayo."

"Gidan dai bai tashi ba."

Shugaba ya leƙo da takarda a hannu. "To Dogo, wa zan rubuta?"

Dogo ya buɗe baki, Tela ya riga shi. "Ranka ya daɗe, a ara mini shebur in haƙa kwata."

"Ka auna kafin ka haƙa," in ji Iya, "kada ita ma ta tsaya a gwiwa."