Takalman Baban Mis Idalia

Shekara goma sha ɗaya ina yi wa wasannin kwaikwayo ƙara a gidan rediyonmu na San Pedro. Ni ce ƙofa, ni ce doki, ni ce takun ɓarawo. Sai ga shugabanmu, Don Fermín, da wani wasa da aka fassaro daga Turanci. An juya maganar 'yan wasa, amma bayanin irin ƙarar da za a yi an bar shi yadda yake.

"Yudelka, gobe da rana za mu ɗauka," in ji shi. "In ya fi ƙarfinki, kwamfuta na da taku iri ɗari."

Kwamfutar da ba ta taɓa sa takalmi ba. Amma na san ranar da ta shigo ɗakin nan, ni da aikin sai labari.

Na buɗe ƙamus. Kalma shida, kowacce ya ce min "tafiya". Wasu huɗu kuma, "ƙara mara daɗi". Sannu da ƙoƙari.

Da safe na ɗauki rakoda na nufi gidan Mis Idalia, tsohuwar da iyayenta suka zo yankan rake daga tsibirin Nevis da Turancinsu. Na tarar tana kirɓa ayaba.

"Mama, fassara min waɗannan."

Ta sa tabarau, ta duba, ta yi tsaki. "Ke 'yar nan, da baki ake fassara tafiya? Matsa can."

Ta hau katakon barandarta. Kalma ta farko, ta yi sanɗa kamar mai satar nama a tukunya. Ta biyu, ta doka ƙafa har kaji suka watse. Ta uku ɗingishi ne. Kalmomin ƙara kuwa, ta goga adda a dutse, ta ja ƙyaure mai tsatsa, sai da na toshe kunne. Ina ɗauka ina dariya, hankalina ya fara kwanciya.

Sai muka zo kalmar tafiya ta shida. Ta shiga ɗaki ta fito da wasu tsofaffin takalman aiki, ta zura, ta taka a hankali, tana ɗaga kowace ƙafa da ƙyar.

"Haka babana yake dawowa daga gonar rake," ta ce.

Da na koma gidan rediyo, Don Fermín ya saurari abin da na ɗauko sau biyu, ya rufe kwamfutarsa. Na nemi kujera na zauna, na sauke ajiyar zuciya.

Ranar da aka sa wasan, Mis Idalia ta aiko a gaya min ta ji babanta ya shigo gida.