Yadda Farfesa Ya Zama Waziri

Da wani darakta ya tashi shirya fim kan wani sarkin yaƙi na zamanin da, sai ya ɗauko tsohon malamin tarihi don ya riƙa duba masa kurakurai. Farfesa ake ce masa, ko da yake a sakandare ya yi ritaya.

Ran farko ya leƙa ɗakin kayan wasa, ya dafe kai. Garkuwoyin duk murfin tukunya ne aka shafa wa fenti. Sarauniya ta sha gashin kanti da farcen roba. Wani barde ya ɗaga takobi, agogo na ƙyalli a hannunsa.

"Darakta, wannan ai cin amanar kakanni ne!"

"Farfesa, soyayya da sara mutane ke zuwa kallo. Wa ya ga zamanin da idonsa?"

Kullum sai Farfesa ya tsayar da aiki. Yau ya ce a wancan zamanin doki bai iso ƙasar ba, gobe ya ce masarautar ba ta taɓa yin waziri ba. Da darakta ya gaji, sai ya ja shi gefe.

"Ranka ya daɗe, wanda zai fito a waziri muke nema, mai kwarjini. Na duba ko'ina, fuskarka kaɗai ta dace."

Farfesa ya shafa gemu, ya yi gyaran murya.

"To, littattafai ba su ce akwai waziri ba. Amma fa ba su rantse babu ba."

Aka ɗinka masa riga da yadin labule mai walƙiya. Ya ƙi cire tabarau, wai yana ƙara masa haiba. Ya sa aka tsawaita jawabinsa, ya kuma nemi farin doki.

Fim ya fito, ya karɓu. Ba a jima ba jikar Farfesa ta dawo gida da kuka, ta faɗi jarrabawar tarihi. Abin da ta gani a fim ta rubuta.

Farfesa ya zari sanda sai makaranta. Malamar ajin, ashe tsohuwar ɗalibarsa ce, ta russuna ta gaishe shi.

"Malam, ai kai ka koya mana babu waziri. Har bulala na sha a kai."

Ya dube ta, ya dubi jikar da ke jan majina a bayansa.

"'Yata, an yi sabon bincike," ya ce. "Ki gyara wa yarinya makinta."