Tikitin da Ba A Canzawa

Zaituna, mai yanka tikiti a ofishin kamfani, ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ta ɗora bakin biro a kan taswirar Italiya.

"Malam Sagir, yau nake so in gama da kai. Ko in yankar maka fas, ko in yi maka tikiti ɗai-ɗai. Fas ɗin kati ɗaya ne, duk jirgin ƙasan da ka ga dama ka hau, duk garin da ka so ka je. Ɗai-ɗai kuwa kowanne da ranarsa da kujerarsa. Idan na danna shi ke nan, ba a canzawa. Manaja ya ce a wurin kamfani duk ɗaya ne."

Sagir ya gyara zama, ya yi kamar mai zurfin tunani, alhali tun a gida ya gama yanke shawara. Kamfanin fata da yake wa aiki a Challawa ne zai tura shi koyon sabon injin tsaga fata, daga Milan zuwa wasu garuruwa na kusa da ita. A tsakiyar tafiyar akwai Asabar da Lahadi da babu aiki, kuma a wannan Lahadin za a buga ƙwallo a babban filin Milan. Tun yana saurayi yake kallon filin nan a gidan kallo na Panshekara, a kan benci, ana tsiyayar gumi, wuta na ɗaukewa daidai lokacin da za a ci. Yanzu ga shi Allah zai kai shi har ƙofa.

Matsalar ita ce Inna Lami, mai sayar da abinci a bakin get ɗin kamfanin. Ɗanta Uba abokin Sagir ne, tare suka fara aiki a wurin jiƙa fata, inda wari ke bin mutum har cikin barcinsa. Da aka rage ma'aikata Uba ya bi hanyar Agadas. Yanzu yana can kudancin Italiya yana tsinkar tumatir, sai ka ce tumatir ya ƙare a Kadawa. Ba shi da takardu, don haka ba ya wuce gona da ɗakin kwanansu, balle ya je tashar jirgi inda 'yan sanda ke tare baƙi. Ran da Inna ta ji labarin tafiyar, sai ta ajiye ludayi ta kamo hannun rigar Sagir.

"Ni ba saƙo zan ba ka ba, Sagiru. Idonka nake so ka ara min. A waya kowa lafiya yake. Ka je ka gan shi, ka dawo ka faɗa min ko ya rame."

Ya ce mata in sha Allahu, har da dafa ƙirji.

"To Malam, ina jin ka," in ji Zaituna. "Ni da ni ce, fas zan ɗauka. Ba ka ce kana da ɗan'uwa a kudu ba? Ka hau ran Asabar, ka dawo Lahadi da yamma."

"A'a, yi min ɗai-ɗai. Ni baƙo ne, kada in je in ɓata. Ki sa min komawa Milan ran Asabar da rana."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta danna. Sagir mutum ne da ba ya ƙarya, kowa a kamfanin ya shaide shi da haka, har liman kan sa shi ya ja salla idan ba ya nan. Shi ya sa bai iya zuwa wurin Inna kai tsaye ya ce ba hali ba. Sai da ya fara ɗaure kansa da hannunsa, don idan ya buɗe baki maganar ta zama gaskiya.

Da azahar ya fita get. Manyan motoci sun yi layi ɗauke da ɗanyar fata, ƙudaje na bin su, ma'aikata sun cika bencinan Inna suna ta kiran a ƙara miya. Tana hango shi ta ɗauko kwanon da take ware masa.

"Inna, ku yi haƙuri, wata magana ce ta taso," ya faɗa, idonsa a kan shinkafar. "An yanka min tikitin jirgin ƙasa, kowanne da ranarsa. Irin wanda ba a canzawa ne. Kuma garin su Uba da nisa, kamar daga nan ne zuwa Legas."

Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, ya auna su tun a ofis. Amma suna fita ya ji bakinsa ya yi ɗaci. Inna ta goge hannu a zaninta.

"Ba a canzawa?"

"Ba a canzawa, Inna."

"To, mai aikin wani ai ba shi da ta cewa. Su waɗannan na ofis ba su san mutum yana da zumunci ba. Ci abincinka, ɗana, ba laifinka ba ne."

Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya tura loma biyu da ƙyar, ya koma ciki. Duk yinin ranar kunya ta hana shi sakat. Ya tsaya a gaban inji yana duba kaurin fata, sai ya tsinci kansa yana juya guda ɗaya ba tare da ya ga komai ba. Ya gaya wa kansa ai wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ya gaya wa kansa zai kira Uba a bidiyo daga can, su yi doguwar hira. Zuciyar ta ƙi karɓa, don ya san ba hoto Inna ta roƙa ba.

Da aka tashi ya so ya zille ta ƙaramar ƙofa, sai ya tarar an kulle ta. Inna kuwa tana bakin get tana jiransa, fuskarta cike da fara'a kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

"Sagiru, Allah ya kawo mafita! Na kira shi na faɗa masa yadda suka ɗaure ka. Ya ce ba komai, shi zai taho ya same ka. Duba wayarka, ya ce ya yi maka magana."

Sagir ya ciro wayar, ya ga saƙon murya. Ya kara ta a kunne. Muryar Uba ce, ta ɗan dushe, iska na kaɗawa a bayanta.

"Sagiru, mutumina! Inna ta faɗa min komai, kada ka damu wallahi, na san halin kamfani. Ni zan hau jirgin ran Asabar. Tunda na zo ƙasar nan ban taɓa shiga tasha ba, amma Allah ne mai tsarewa. Wani ɗan Ghana da muke ɗaki ɗaya sun kama shi a hanya, amma shi tsautsayi ne. Idan ka ga ban iso ba zuwa Lahadi, kada ka faɗa wa tsohuwa komai, ka ce mata mun haɗu, na yi ƙiba. Kai, ina ɗokin ganin mutumin gida!"

Saƙon ya ƙare da dariyar Uba, irin wadda yake yi tun suna wurin jiƙa fata. Sagir ya kira lambar nan take. A kashe take. Ya sake kira, a kashe.

"Ya tafi wurin mai gonar neman izini," in ji Inna, tana ɗaure masa ragowar nama a leda. "Ya ce ko bai ba shi ba zai taho, aiki ai ba ya ƙarewa. Kai wa matarka Maryam wannan. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya, yadda ka damu da ɗan'uwanka Allah ya ba ka masu damuwa da kai."

Sagir bai iya cewa amin ba. Ya juya mata baya, ya danna wayar, ya kai ta bakinsa.

"Uba, don girman Allah kada ka motsa. Kada ka je tashar nan. Ni zan zo, ko ta halin ƙaƙa. Ka ji ni? Ni zan zo."

Ya saki. Saƙon ya tafi, amma bai shiga ba. Ya tsaya yana kallonsa, masu babur na yi masa hon ya ba su hanya.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji Inna, tana kife tukwane. "Can wurin nasu ba sabis. Wani lokaci sai a yi sati ban same shi ba."