Sunan da Ke Bayan Agogo

Tayar gaba ce ta fashe. Umaru yana tsugune yana jera kwalaben zumarsa a bakin titin da ya fito daga dajin Falgore ya nufi Tudun Wada, sai ya ji ƙara kamar an harba bindiga. Ya ɗago kai ya ga motar haya tana wuntsilawa. Sau uku ta juya kafin ta kwanta a gonar masara, ƙafafunta a sama.

Kafin tayoyin su daina juyawa wurin ya cika. Masu gawayi, masu itace, 'yan acaɓa, kowa da salati a bakinsa. Mutanen bakin titin nan akwai kai ɗauki, wannan ba mai ƙwace musu. Sai dai hannun da ya ciro mutum daga mota shi ne yakan laluba aljihunsa, kuma duk ana yi ne ana salati.

Umaru ya kama hannun wani dattijo ya jawo shi ta taga. Farar shaddarsa ta rine, kansa ya fashe, numfashi na fita da ƙyar. A gaban idon Umaru wani ya zare wayar dattijon, wani ya yi gaba da jakarsa. Shi Umaru shekara goma sha biyu yana sana'a a titin nan bai taɓa ɗaukar ko allura ba, har gori yake yi wa mutane da haka. Amma wajen ja, maɓallin agogon dattijon ya ɓalle, agogon ya sulale cikin tafinsa, mai nauyi, mai sanyi. Ya ce a ransa bari ya adana masa kada ɓata-gari su ɗauke. Ya jefa shi aljihu, ya kama ƙafar dattijon aka sa shi a bayan a-kori-kura.

* * *

Matarsa Turai shara take yi a asibitin da aka kai su. Kwana uku da haɗarin ta dawo da la'asar, ta ajiye mayafi, ta zauna a kan turmi ba ta ko nemi ruwa ba.

"Baban Khairiyya, dattijon nan fa har yau ba a san ko wane ne ba. Direba ya rasu, 'yan'uwan sauran duk sun zo sun kwashe nasu. Shi kaɗai ya rage, ko ido bai buɗe ba."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Umaru, yana kallon ƙasa.

"Likita ya ce sai an kai shi Kano an yi masa aiki a kai, kuma sai da ɗan'uwan da zai sa hannu ya tsaya masa. An duba jikinsa kaf, ba waya, ba kati, ko takarda babu. Tas aka yi masa. Wallahi wanda ya yi wannan, ban san da wane ido zai kalli Ubangiji ba."

Umaru ya miƙe ya ce zai duba rumbu. Can cikin dawar da ke rumbun ya tono tsumman da ya naɗe agogon. Agogon ya tsaya cik. Umaru ya kara shi a kunne, shiru. Ya juya bayan agogon ya ga wasu ƙananan rubutun boko. Shi allo ya yi, bai yi boko ba, sai ya ɗauka sunan masu ƙerawa ne, irin wanda ake gani a jikin rediyo. Ya leƙa ta katanga ya hango masararsa ta yi ɗorawa saboda rashin taki. Ya daɗe yana kallonta. Adanar da ya ce zai yi a nan ta ƙare.

* * *

Ran kasuwar Kafin Maiyaƙi ya je, don can ba a san shi sosai ba. Aka nuna masa teburin Ghali mai gyaran agogo, wani siririn mutum da ya yi shekaru a Kano kafin ya dawo gida, mai magana a hankali kamar ba ya son ƙuda ya ji.

"Batir nake so a sa masa," in ji Umaru. "In kuma ka ga da hali, ka saya."

Ghali ya karɓa ya auna nauyinsa a tafi. Murmushin da ke fuskarsa ya ɗauke. Ya waiga dama da hagu, ya jawo ɗan labulen teburinsa.

"Malam, wannan ba ya cin batir." Ya girgiza shi sau biyu, sai ga siririn hannun agogon ya ci gaba da tafiya. "Motsin hannun mai shi yake ci. In ya kwana biyu ba a ɗaura ba sai ya tsaya. To yaushe rabon mai shi da ɗaurawa?"

Umaru ya ce, "Na kawuna ne. Gado na ci."

"Allah ya jiƙansa. Yaya sunansa?"

"Isa."

Ghali ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya, ya juya bayan agogon, ya karanta a hankali. "Injiniya Abdussalami Mustapha. Kyauta daga abokan aikinsa, bayan shekara talatin yana aiki. Ga sunan kamfanin, ga Jos a ƙasa." Ya cire gilashin. "Kawu Isa ke nan."

Hayaniyar kasuwa ta yi wa Umaru nisa. Ashe abin da likita yake nema, abin da Turai take kuka a kai, kwana huɗu yana kwance cikin dawarsa. Suna, da wurin aiki, da gari. Waya ɗaya za a buga 'ya'yan dattijon su iso kafin magariba.

"Ba ni. Na fasa."

Ghali bai yi musu ba. Ya ajiye agogon a tsakiyar tebur, ya naɗe hannu.

"Ga shi nan, naka ne. Amma ka kai wa wa? Tambayar farko da za a yi maka, a ina ka samu. Ta biyu, ina sauran kayan. Duk abin da ya ɓata a wurin, ko kai ka ɗauka ko ba kai ba, a wuyanka zai rataya. Kana da iyali?"

Ghali bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ni kuwa in na goge rubutun nan, ya zama na kowa. Ina da mutum a Kano da ba ya tambaya." Ya faɗi farashi ƙasa-ƙasa. Kuɗin ya isa taki, ya isa babur, har da saura.

Umaru ya kalli agogon. Ya tuna fuskar Turai a kan turmi, ya tuna yadda ake zagaya gari da ɓarawo yara suna bin sa. Sai wata dabara ta zo masa, irin wadda takan zo wa mutum idan ya riga ya yanke abin da zai yi: ai sunan ne ake buƙata, ba agogon ba, kuma sunan yana kansa. Gobe zai san yadda zai isar da shi.

Ya janye hannunsa daga tebur. Bai bar rumfar ba sai da ya ji ƙarar magogi a kan ƙarfe.

* * *

Duk hanyar komawa yana maimaita sunan kamar mai tilawa. Washegari ya je har ƙofar asibiti, ya hango ɗan sanda zaune a kan benci, ya wuce kamar mai zuwa wani wuri. Kashegari ya buɗe baki zai gaya wa Turai, ya tuna ita ma tambayarta ta farko ita ce ta Ghali, sai ya ce miyar ta yi gishiri. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ya san tsoro ne.

A rana ta uku da hantsi Turai ta dawo, idanunta jajir.

"Ya cika. An ce a sanar a masallaci, duk mai hali ya zo bayan azahar. Ka je, Baban Khairiyya. Kai ka ciro shi daga mota, ka samu ladan raka shi."

Mutum goma sha ɗaya ne suka yi masa salla. Umaru ya ɗauki makara ta gaban dama, bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta. Ƙasar damina ce, mai laushi, ba a daɗe ba aka gama. Mai rubuta allon kabari ya tsuguna da gwangwanin fenti, ya ɗago kai.

"Me zan rubuta?"

Liman ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Don Allah, ko akwai wanda ya ji wani abu game da bawan Allan nan? Ko sunan garinsu ne. Yana da masu jiransa a wani wuri."

Sunan ya taso wa Umaru har bakin haƙora. Ya ji harshensa ya motsa. Na kusa da shi ya juyo ya kalle shi, sai ya mayar da abin tari.

Liman ya jira kaɗan, sannan ya ce, "Rubuta kwanan wata kawai. Allah ya san sunansa."

Aka kafa allon, samansa fari fat. Liman ya ɗaga hannu, Umaru ya ɗaga nasa, ya shafa tare da kowa.