Abin da Bambo Ziyenda Ya Gani

Motar ta yi tari, ta yi jijjiga, ta mutu a gangaren da ke tsakanin gonakin taba. Lufeyo ya sauko ba gaggawa, ya buɗe bonet, ya tsaya yana kallon inji kamar yau ya fara ganinsa.

A bayan a-kori-kurar, Amayi Nasibeko ta gyara wa maƙwabcinta kai a kan cinyarta. Bambo Ziyenda tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ba mata, ba ɗa a kusa, sai karensa Tilipo. Da safen nan haushin karen ya fito da ita daga madafa, ta tarar da tsohon kwance a bakin rafi, dafe da ƙirji, igiyar karen naɗe a hannunsa. Duk ƙauyen mota ɗaya ce, ta Lufeyo. Ya yarda zai kai shi asibitin mishan, amma ya ce kare ba zai hau masa mota ba.

Kowace safiya tsohon yakan ja karen su zaga ƙauyen, ya dawo da labari. Ya ga biri sanye da hular ɗan makaranta. Ya ga kada a gonar masara, nesa da ruwa. Mutane su yi dariya, su ce kare ne ke yawo da shi. Amma makon jiya, a wurin shan giyar gero, ya ce ya ga abin mamaki: motar Lufeyo cikin itatuwan turare a bayan makaranta, ba direba a gaba, sai zanen matar malamin makaranta rataye a madubi. Bai faɗa da mugunta ba, ya faɗa ne yadda ya faɗi na biri. A ranar matar Lufeyo ta kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta.

Nasibeko ta leƙo ta tambayi me ya samu motar. Lufeyo ya ce filogi ne, ko batir, sai dai inji ya huce. Ya zauna a inuwar mangwaro ya naɗa taba.

"Lufeyo, numfashinsa fa yana sama. Dubi leɓensa."

"Amayi, ni bakanike ne? Ki tambaye shi mana. Ai shi ne mai ganin komai. Ya duba ya gaya mana abin da ya lalace."

Wani mai babur ya taho daga gabas, ya rage gudu. Kafin ta buɗe baki Lufeyo ya ɗaga masa hannu, ya ce ba komai, yanzu za su tashi. Ta ƙwala kira, ƙarar babur ta shanye muryarta. Ta yi niyyar sauka ta bi shi da gudu, sai ta ji tsohon ya damƙe bakin zanenta, ta kasa ɓamɓare yatsunsa.

Rana ta take. Can sai ga Tilipo, harshe a waje, ƙafafu duk jini, igiya na jan ƙasa. Tun daga ƙauye yake bin sawun taya. Ya yi tsalle zai hau, Lufeyo ya ɗauki sifana ya jefe shi a haƙarƙari. Karen ya yi kuka ya shige ƙarƙashin mota.

Tsohon ya buɗe ido. "Nasibeko, karen ne?"

"Shi ne, Bambo."

"Bai ci komai ba yau." Ya kafa ido yana kallon sama. "Kin ga shamuwa can? Ba lokacinsu ba ne."

Ta ɗaga kai. Da gaske shamuwa ce guda, tana shawagi a kan gonakin. Da ta sauke ido, ya riga ya cika.

Ta rufe masa fuska da ɗankwalinta, ta gaya wa Lufeyo. Ya taso, ya leƙa, ya cire hula na ɗan lokaci. Sannan ya sunkuya cikin inji, ya mayar da wata waya inda take, a gabanta, bai ko juya mata baya ba. Murɗa makulli ɗaya motar ta tashi.

Da ya juya kan motar, ya leƙo ta taga. "Ke kuma, Amayi, me kika gani yau?"

Ta tuna jikokinta, da masararta da babu mai kai mata kasuwa sai shi. Ta ce ba ta ga komai ba.

Washegari motar ce ta ɗauki akwatin gawa zuwa maƙabarta. Mai unguwa ya miƙe ya yaba wa Lufeyo, ya ce irinsa ake nema a maƙwabci, ya bar aikinsa ya yi iya ƙoƙarinsa. Nasibeko na cikin mata masu tuƙa tuwon masara, ita aka ba kwanon Lufeyo ta kai masa. Ya karɓa, ya ce a ƙaro miya.

Da jama'a suka watse ta shiga gidan tsohon don ta rufe ƙofa. A kan murhu akwai tukunyar dankalin da ya dafa kafin ya fita, ya yi sanyi. Ta juye wa Tilipo a gwangwaninsa. Karen ya shinshina, ya koma bakin ƙofa ya kwanta yana kallon hanya. Kaji suka taru a kan dankalin.